Tambaya da Amsa: Kowa "mun gode" yake ce min, me zan rubuta?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, akan aikin nan ne na shiga unguwanni da ƙauyuka ana rubuto labarin mutanen da ƙungiyoyin agaji suka ba tallafin kuɗi, shiyasa na haɗa su waje guda. Sunaye na cire su kamar yanda muka saba.

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Wata ƙungiya ce ta ɗauke ni aikin wucin gadi anan Maiduguri, an raba ma mutane kuɗi ta kati bayan ambaliyar nan, yanzu ance mu shiga unguwanni kowa ya rubuto labarin mutum goma da suka ci gajiya dan a tura ma masu bada kuɗin. Matsalar itace duk wadda na tambaya sai tace mun gode Allah ya saka da alheri Allah ya ƙara arziki, shikenan ba ƙari. Na kai ma oga ya dawo min da shi yace ba komai a ciki. Ni kuma wlh ban san me zan ƙara tambaya ba, har wani abokin aikina yace in zauna a ɗaki in shirya nawa kawai tunda ba mai bincikawa. Daga wani matashi a Maiduguri.

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena. Maganar abokin naka zan fara kashewa, kar ka kuskura. Labarin da ka shirya a ɗaki ba a ɗaki zai tsaya ba, wani zai karanta shi a Abuja ko a Turai ya yanke shawara da shi akan nawa za a ba mutane a zagaye na gaba da kuma ta wace hanya, kaga in ka rubuta komai lafiya alhali mata na wuni a layi cikin rana toh da hannunka aka ci gaba da wunin da su. Amana ce a wuyanka, kuma ba ta oga kaɗai ba.

Su kuma masu ce maka mun gode ba ƙarya suke ba, tarbiyya ce, amma harda tsoro a ciki. Ka duba yanda ka iso musu, riga mai tambarin ƙungiya, kwamfutar hannu, wataƙila ma bulama ne ya rako ka har ƙofar gida. A idonsu kai ne mai lis, in ka ga dama suna ya fito in baka ga dama ba ya ɓace. Ka tuna kuma cikin waɗanda ruwan madatsar Alau ya ci a Satumban 2024, su Gwange da kewayen kasuwar Monday da sauran unguwanni, akwai da yawa da dama can gudun hijira ne ya kawo su birni daga Bama da Konduga da Gwoza, wasu sun zauna a sansanoni irin su Bakassi har aka rufe a ƙarshen 2021. An rubuta sunansu ba adadi, sun dangwala yatsa ba adadi, sun ga yanda mutum ke fita daga lis ba tare da an masa bayani ba. Wanda ya sha irin wannan ba zai ce maka kuɗin bai isa ba a zaman farko.

Dan haka kafin tambayar farko ka faɗa mata ƙarara da yaren da take ji, in Kanuri ne ko Shuwa ka nemi tafinta wanda baya cikin kwamitin rabo: ni ba rajista nazo yi ba, abun da zaki faɗa min ba zai ƙara miki kwabo ba kuma ba zai rage ba, in baki son amsa wata tambaya ki barta. Ka sake maimaitawa a tsakiyar hira. Bulama ka masa godiya ka roƙe shi ya jira daga waje, kuma inda hali mace abokiyar aikinka ta zauna da mata, dan akwai maganar da ba zata fito a gaban namiji ba balle a gaban maigida.

Sai ka ajiye tambayar nan ta "ya kika ji da tallafin", amsarta guda ɗaya ce ko ina ka je. Kuɗin zaka bi, tun ranar da ya shigo har ranar da ya ƙare. Wa ya faɗa miki an loda katin? In ta waya ne, wayar waye, wa ya karanta miki saƙon, wa ya san lambar sirrin? Da ƙafa kika je ko a keke napep, nawa zuwa nawa dawowa, yaran wa kika bar ma? Kin fita da hantsi yaushe kika dawo? Mai POS nawa ya cire, nawa ya shigo hannunki tsaba? Me kika fara siya? Wannan ta ƙarshen itace ke buɗe baki, domin sau da yawa zaka ji ba abinci aka fara siya ba, bashin mai shago aka fara biya dan ya yarda ya sake bada bashi, sannan mudun masara da gawayi da sabulu, sannan an ɗan yanka ma maƙwabciya da sunanta bai fito ba tunda da ita ake hawa tukunya ɗaya. Kaga labari ya fito kenan, kuma ya nuna abun da fom ba zai nuna ba, wato kuɗin da aka lissafa na mutum shida mutum goma sha ne ke ci. In gidan mata biyu ne ko uku ka tambaya a hankali sunan wa ke jikin katin da yanda aka yi rabon, wannan kaɗai na iya zama labarin duka.

Daga gidan ka wuce kasuwar da take cefane, ka rubuta kuɗin mudun masara da shinkafa da wake da kwalbar man gyaɗa a wannan satin, da kwanan wata. Wannan ba ƙarin aiki bane, shine ƙashin bayan rahoton. Ƙungiyoyin nan suna yanke adadin kuɗin ne daga lissafin mafi ƙarancin abun da gida ke buƙata a wata, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 farashi bai zauna waje ɗaya ba, hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuɗin da aka yanke a farkon shekara kafin damina ya riga ya rame. In ka ajiye maganar matar kusa da farashin kasuwa ba mai iya cewa ƙorafi ne kawai. Ka ɗan zauna da mai shagon ma da mai POS ɗin, su ma suna cikin labarin. Mun gani a farkon 2023 lokacin canjin takardun naira, kuɗi na cikin asusu amma ba tsaba a gari, haka a Zamfara a Satumban 2021 da aka katse layukan waya, duk mai jiran alat ya zauna jira. Irin waɗannan ranakun in ba wanda ya rubuta yanda mutane suka yi, shirin gaba sai ya sake faɗawa ciki.

Kuma cikin goman nan kar duk su zama waɗanda kwamiti ya zaɓo maka, ka nemi tsohuwar da yatsanta ya ƙi hawa na'ura, da wanda katinsa ya ɓata, da gurgu ko makaho da sai an wakilce shi. Ka roƙi oga ya barka kayi hira da mutum ɗaya ko biyu da basu samu ba sam. Maganarsu ka rubuta ta yanda suka faɗa, kar ka gyara mata riga.

TAMBAYA: Anti ina wuni, daga Maraɗi nake rubuto miki. Na jima ina aiki da ƙungiyoyin mata a karkara, duk lokacin da rumbu ya ƙare aka raba kuɗi mu ake turawa mu rubuta labaru, a kai Yamai daga can a wuce da su waje, bamu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Matan ma sun fara ce min kullum tambaya kullum rubutu ina amfaninsa. Anya akwai mai karantawa kuwa? Sannan yayan mijina kullum musu muke, shi a ganinsa ba mutum kuɗi a hannu ɓata shi ne, taba da ƙarin aure kawai za a yi da su, gara a bada hatsi.

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ana karantawa, kuma abun da zai baki mamaki shine ƙasarku na cikin wuraren da duniya ta koyi wannan aikin. A da agaji buhu ne da galan ɗin mai, in kace a ba mai jin yunwa kuɗi sai a dube ka kamar yanda yayan mijinki ke dubanki. Bayan ambaliyar tsunami ta Asiya a ƙarshen 2004 ne ƙungiyoyi irin su Oxfam da Save the Children da Red Cross ta Birtaniya suka gwada rabon kuɗi da yawa, suka kuma haɗu suka kafa dandalin CALP dan tattara abun da aka koya a fili. A 2005 da yunwa ta kama Nijar, Red Cross ta Birtaniya ta raba kuɗi a yankin Tanut kuma an bi diddigin yanda gidaje suka kashe.

Wanda na fi so ki riƙe shine binciken da aka yi a jihar Tawa ta Nijar a 2010. Bayan fari, ƙungiyar Concern ta ba mata a ƙauyuka 96 kimanin dalar Amurka 45 duk wata har wata biyar, wasu a hannu cikin ambulan wasu ta waya da tsarin tura kuɗi na Zap, wata malamar jami'ar Tufts ta Amurka mai suna Jenny Aker da abokan aikinta suka bi su. Kuɗi iri ɗaya ne fa, amma gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci kala-kala kuma yaransu sun fi samun ci. Masu binciken sun danganta hakan da abu biyu, matan basu ɓata lokaci wajen tafiya da jiran layi ba, sannan kuɗin na shigowa shiru ba a idon kowa ba, dan haka mace ta fi samun ta cewa akan yanda za a kashe. Kinga wannan bayanin na biyu ba daga ofis aka zauna aka hango shi ba, sai wanda ya san zaman gidan.

Maganar taba kuwa, a 2014 masu bincike biyu na Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, sun tattara nazarce-nazarce 19 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, basu ga alamar cewa tallafin kuɗi na ƙara siyan taba da giya ba, a wurare da dama ma raguwa aka gani. Ban ce ba a taɓa samun maigidan da ya karɓe kuɗi yayi son ransa ba, ana samu, kuma in kin ci karo da shi ki rubuta. Amma ɗaya ne cikin jama'a, ba a hana gari saboda shi. Inda yayan mijin naki ke da gaskiya shine in kasuwa ba hatsi ko hanya ta toshe, kamar yanda kuka gani da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023 kaya suka yi tsada, toh kuɗi kaɗai baya isa, kuma ku da ke fili ku ke fara ganin haka kafin kowa. Irin waɗannan shaidun da suka taru ne suka sa a taron agaji na duniya a Istanbul a 2016 manyan masu bada kuɗi suka yi alkawarin ƙara yawan agajin da ake bayarwa da kuɗi, zuwa 2022 ya kai wajen dala biliyan 10, kusan kashi 21 cikin 100 na agajin ƙasa da ƙasa.

Amma ƙorafin matan nan gaskiya ne kuma yana min ciwo. An karɓi lokacinsu da sirrin gidansu, haƙƙinsu ne a dawo a ce ga abun da kuka faɗa, ga wanda aka gyara, ga wanda ba a iya ba da dalili. Ki sa wannan a rubuce cikin rahotonki duk lokacin da kika miƙa, ki nemi a baki ko shafi ɗaya ne da Hausa ki karanta musu ranar zubin asusu. Tunda Maraɗi ce mahaifar Mata Masu Dubara, wato tsarin asusun ajiya da rance na mata, a can ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991, ki riƙa tambaya ko wani abu daga tallafin na shiga asusun ko ana siyan akuya da shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abun da mace ta zaɓa ta ajiye yana faɗa miki abun da take tsoro a gaba. Abu ɗaya kuma ki kula ma yaran da kuke aikin tare, musamman in daga Najeriya suke ko 'yan boko ne da suka saba lissafi da Faransanci, in tsohuwa tace dala ɗari sefa 500 take nufi, kar a rubuta 100. Tiya da mudu ma a tambayi wanne ake nufi a wannan kasuwar.

TAMBAYA: Anti oganmu yace duk labari sai da hoton matar tana riƙe da kuɗin tana murmushi, da cikakken sunanta da sunan ƙauyensu, dan a sa a Facebook. Ƙauyukan da muke aiki a gabashin Sakkwato suke inda 'yan bindiga ke shiga. Akwai fom ɗin amincewa da turanci, muna sa su dangwala yatsa. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata ma'aikaciya a Sakkwato.

AMSA: 'Yata hankalinki yayi daidai da bai kwanta ba. A yankin da ake ɗora ma ƙauyuka haraji ana ɗaukar mutane dan kuɗin fansa, hoton mace da kuɗi a hannu da sunan ƙauyenta sanarwa ce cewa kuɗi ya shigo garin nan, kuma masu kai rahoto ma suna da waya suna hawa Facebook. Ki faɗa ma oga haka a rubuce, cikin ladabi, ki kawo masa mafita: a canza suna, a ambaci ƙaramar hukuma kawai, a ɗauki hoton hannu yana auna hatsi ko awakin da aka siya ko kasuwa daga nesa, kuma kar a saki komai sai rabon ya wuce da daɗewa.

Dangwala yatsa a takardar da bata san me ke ciki ba ba amincewa bane. Ki mata bayani da Hausa, ki ce wannan hoton zai iya zuwa wayar ɗan ƙauyenku da ke ci-rani a Legas, kuma in ya hau ba a iya dawo da shi, sannan ki bata damar cewa a'a ba tare da ta ji kamar zata rasa katinta ba. In ta yarda ki barta ta shirya yanda take so a ganta, ta sa mayafinta mai kyau, kar kowa yace ta koma ta sa tsumma. Fuskar yara kuwa ni a barta kawai.

Ki kula da inda kike ajiye bayanan ma. Lis mai sunaye da lambobin waya bai kamata ya zauna a wayarki ba ko yana yawo a guruf ɗin WhatsApp. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun Yunin 2023, ƙungiyarku na ƙarƙashinta. Kuma ko manya ba su tsira ba, a Janairun 2022 Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta sanar cewa an mata kutse an taɓa bayanan mutum sama da 515,000. Abun da baki buƙata a rahoto kar ki tambaye shi tun farko.

TAMBAYA: Ni kuma Anti a hirar da nake yi mata uku daban-daban sun faɗa min bayan an raba kuɗi wani ɗan kwamiti na bin gida-gida yana karɓar nasa kaso, yana cewa shi ya sa sunansu. Sun roƙe ni kar in faɗa. In na rubuta ina tsoron abun da zai same su, in nayi shiru kuma raina ba daɗi. Daga wani ɗalibi mai aikin hutu a Damaturu.

AMSA: Ɗana ba zaka yi shiru ba, amma ba cikin labarin da za a buga zaka sa shi da sunaye ba, kuma kar ka je ka tunkari mutumin da kanka, kai zaka tafi su zasu zauna da shi. Kusan duk ƙungiya mai rabon kuɗi na da hanyar karɓar koke, layin waya ko akwati ko wani jami'i da aikinsa kenan daban da masu rabon. Can zaka kai, kace a unguwa kaza mutum fiye da ɗaya sun ambaci ana karɓar kaso bayan rabo, ba suna ba kwatancen gida ba wata alamar da za a gane su da ita. Ka koma ka faɗa ma matan abun da kayi da abun da baka faɗa ba, ka basu lambar koken su riƙe. A rahoton kuma ka rubuta shi a matsayin abun da aka gano, domin maganinsa sananne ne, a riƙa shela a fili ranar rabo cewa ga adadin kuɗin kuma ba wanda ke da haƙƙin sisi a ciki, sannan a sake duba yanda aka zaɓi 'yan kwamitin. In kuwa wata ta nuna maka cewa abun da aka nema a wajenta ba kuɗi bane, mutuncinta ne, ka daina rubutu nan take, kar ka tona da tambayoyi, ka nemi izininta ka haɗa ta da jami'ar kare mata ta ƙungiyar a ranar.

TAMBAYA: A gajarce Anti, ya halatta in ba wanda nayi hira da shi ɗan wani abu? Ina jin nauyi in cinye ma mace awa guda in tashi hannu rabbana.

AMSA: Nauyin da kake ji na gane shi, amma kar ka ciro kuɗi daga aljihunka, gobe unguwa duka zata ji cewa mai bada labari mai daɗi ana sallamarsa, kuma wanda zai zo bayanka ba zai ƙara jin gaskiya ba. In ƙungiya ce ta kira mutane wani waje toh ita zata biya kuɗin mota da ruwa da abinci ga kowa daidai, a faɗa tun kafin a fara. In kai ka je gidanta, ka tambaye ta lokacin da ya fi mata, ba ranar kasuwa ba, ba lokacin ɗora tukunya ba, in tana surfe ko tsinke zogale ku yi hirar tana aikinta, kuma kar ka wuce minti arba'in sai in ita ta ja zancen.

Sauran wasiƙun, harda ta ɗan'uwanmu na Diffa akan hira da 'yan gudun hijira, sai mako mai zuwa insha Allah.